Kwasa-kwasan Zaɓi a Karatun Zanen Gini: Me Ya Kamata Ɗalibin Legas Ya Ɗauka?

A farkon kowane zangon karatu, ɗalibin zanen gini a Jami'ar Legas da ke Akoka, ko a wata jami'ar da ke koyar da fannin, yakan buɗe shafin rajista ya tarar da kwasa-kwasai iri biyu. Akwai na dole, waɗanda ba a samun digiri sai da su: aikin ɗakin zane, tarihin gine-gine, lissafin yadda gini ke ɗaukar nauyi, sanin kayan gini, hanyoyin ruwa da na lantarki. Sai kuma 'yan kaɗan da aka bar masa ya ɗauki wanda ya ga dama. Yawancin ɗalibai ba sa tsayawa dogon tunani a kan kashi na biyun nan. Sukan tambayi na gaba da su wane malami ne ba ya rowar maki, wane kwas ne ba ya cin karo da wani a jadawali, shi ke nan su danna. Iyaye kuwa, musamman namu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 waɗanda da guminsu na kasuwa suke biyan kuɗin makaranta, da yawansu ba su ma san akwai wani zaɓi ba.

Wannan sakaci yana damuna, domin ɗan gurbin nan shi ne kaɗai wurin da ɗalibi yake da ta cewa a kan irin gwanin da zai zama. Kowa a ajinsu zai fita da ilimin dole iri ɗaya. Bambanci yana fitowa ne daga abin da ya ƙara da kansa.

Sai an fahimci yadda aka gina tsarin kafin a gane girman gurbin. Jami'o'in Najeriya suna auna karatu da yunit, kowane kwas da adadinsa gwargwadon awannin da yake ci a mako. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke shata mafi ƙarancin abin da za a koyar. A watan Disamba na 2022 ta ƙaddamar da sabon tsari mai suna CCMAS a madadin tsohon da aka fitar tun 2007. Sabon tsarin ya ce kashi 70 cikin ɗari na karatu hukumar ce za ta tsara wa kowa, kashi 30 kuma kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Haka kuma ya cire zanen gini daga ƙarƙashin fannin kimiyyar muhalli ya mayar da shi fanni mai cin gashin kansa, da rassa irin su tsara cikin gida da tsara fili da lambu. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta soki tsarin a 2023, tana ganin an shiga hurumin majalisar malamai ta kowace jami'a, wadda ita ce bisa al'ada ke yanke abin da za a koyar. Wannan gardama tana da tushe, amma ba ita ce ta fi shafar ɗalibi ba.

Abin da ya shafe shi, kuma ake yawan rikitawa, shi ne cewa kashi 30 ɗin nan zaɓin jami'a ne, ba zaɓin ɗalibi ba. Jami'a tana iya tsara kwasa-kwasanta na kashi 30 ta mayar da su duka na dole. Idan digirin shekara huɗu yana buƙatar yunit 120, kashi 30 ya kama yunit 36, amma abin da zai rage wa ɗalibi ya zaɓa da hannunsa yana iya zama ɗan ƙanƙani ƙwarai. A zanen gini matsin ya fi na sauran fannoni, domin aikin ɗakin zane shi kaɗai yana lashe kaso mai tsoka a kowane zango, sannan ga hukumar ARCON, wadda doka ta kafa a 1969 don yi wa masu zanen gini rajista, tana da abubuwan da dole sai an koyar kafin ta amince da sashe. Ba laifi ba ne, gini rai yake ɗauka. Sai dai hakan na nufin abin da ya rage ya yi tsada, bai kamata a salwantar da shi a kan neman maki mai araha ba.

Me ya sa ma ake ajiye sababbin fasahohi a ɓangaren zaɓi? Saboda tsarin karatu yana tafiyar shekaru kafin a taɓa shi, fasaha kuwa ba ta jira. Tsakanin 2007 da 2022 an yi shekara 15. ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi, ya fito ne a watan Nuwamba na 2022, 'yan kwanaki kafin a ƙaddamar da CCMAS, wato an gama rubuta sabon tsarin kafin a san irin girgizar da ke tafe. Kwas ɗin zaɓi ya fi sauƙin ƙirƙira da sauyawa da sokewa, don haka ta nan sabon abu ke fara shigowa jami'a. Idan ya kafu, sai a mayar da shi na dole. Haka zane da kwamfuta ya yi: AutoCAD ta fito a 1982, an daɗe ana kallonta a matsayin ƙari, yau babu ofishin zane a Ikeja ko Lekki da zai ɗauki wanda bai iya ta ba.

To amma ba duk abin da ake kira sabuwar fasaha ne nauyinsa ɗaya ba, kuma a nan ne ɗalibi ke buƙatar a yi masa bayani dalla-dalla.

Wadda na fi ba muhimmanci ita ce hanyar da ake kira BIM, wadda manhajoji irin su Revit da ArchiCAD ke aiki da ita. A tsohuwar hanya mai zane yakan zana shimfiɗar gini daban, fuskarsa daban, yankansa daban. Idan ya matsar da ƙofa a takarda ɗaya, sai ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya ya gyara, kuma idan ya manta guda, birkila ne zai gano a wurin aiki bayan an riga an ɗora bulo. A BIM ana gina ginin ne gaba ɗaya a cikin kwamfuta. Kowane bango yana ɗauke da bayanin kaurinsa da tsayinsa da abin da aka yi shi da shi. Ka matsar da ƙofa sau ɗaya, ta matsa a ko'ina. Injiniyan ƙarfin gini da na ruwa da na lantarki duk suna ɗora aikinsu a kan gini ɗaya, sai manhajar ta nuna cewa ga bututun ruwa nan zai ratsa ta tsakiyar ginshiƙi, tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Sannan tana fitar da adadin bulo da kankare da tayil, wanda mai ƙiyasin kuɗin gini zai yi aiki da shi. Duk wanda ya taɓa gini a Legas ya san abin da ake nufi da fasa rufin kankaren da aka riga aka zuba don a wuce da bututu, ya kuma san yadda farashin siminti da rodi ke tashi tsakanin ranar da aka yi ƙiyasi da ranar da aka je saye. Birtaniya ta wajabta wannan hanya a ayyukan gwamnatin tsakiya tun 2016. Ɗalibin da ya iya ta da kyau yana da abin sayarwa a gida da waje.

Ta biyu a wurina ita ce taswirar kwamfuta, wato GIS, tare da awon ƙasa da jirgi maras matuƙi. Legas birni ne da ruwa ke yi wa hukunci. Tsibirin Legas da Victoria Island da Lekki duk ƙasa ce mai kwari kusa da teku, wani ɓangaren ma cikon yashi ne a kan fadama. Wanda ya ga ambaliyar watan Yuli na 2024 ya san ruwa ba ya tambayar kuɗin unguwa. Mai zanen da zai iya ɗora taswirar tudu da kwari a kan ta magudanan ruwa, ya ga inda ruwa zai taru kafin ya yanke tsayin daɓen gida, ya fi amfani ga mai gini fiye da wanda ya iya fitar da hoto mai ƙyalli.

Sai manhajojin da ke fitar da siffofi masu lanƙwasa ta hanyar lissafi, irin Rhino da Grasshopper. Suna da amfani, kuma suna koya wa ɗalibi tunani mai tsari. Haɗarinsu shi ne ɗalibi ya zana abin da babu kafinta ko mai walda a Mushin ko Ebute Metta da zai iya ƙera shi da kayan da ke kasuwa. Idan malamin ya juya kwas ɗin zuwa ga lissafin inda rana ke faɗawa da girman rumfar taga da zai tare ta, to ya biya kuɗinsa. Buga gini da injin da ke zuba kankare layi-layi kuwa, an gwada shi a Afirka, an gina makaranta da shi a Malawi a 2021, an kuma yi gidaje a Kilifi ta Kenya. Abin sani ne, amma ba zan shawarci ɗalibi mai yunit kaɗan ya kashe su a kansa ba tukuna.

Ƙirƙirarriyar basira ita ce ta fi ɗaukar hankali yanzu. Ɗalibi yana rubuta 'yan kalmomi a manhajar ƙirƙirar hoto ta Midjourney, cikin minti ɗaya ga hoton katafaren gini kamar a taɓa. Hoton nan ba shi da fandisho, bai san nauyin kansa ba, bai san ta ina hayaƙi zai fita idan gobara ta tashi ba. Kwas mai kyau a wannan fanni shi ne wanda zai koya wa ɗalibi ya tuhumi abin da na'urar ta ba shi, ya san daga wane irin hotuna ta koya (galibinsu na ƙasashen sanyi ne, shi ya sa take son bangon gilashi), ya kuma san cewa ranar da aka kai zane ofishin gwamnati neman izini, sunan mutum da hatiminsa ne a kai. Idan gini ya faɗi, mutum za a kira.

Kuma gini yana faɗuwa a Legas. A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu. A watan Maris na 2019 wani bene mai makarantar yara a samansa ya rushe a Ita Faji. A irin masifar ta Ikoyi, inda ake kan gini, waɗanda ke ƙarƙashin ɓaraguzai galibi leburori ne da magina da masu gadi, kuma kowa ya san 'yan Arewa da 'yan Nijar suna da yawa a cikin masu wannan aiki. Gine-gine ba sa faɗuwa don an rasa manhaja. Suna faɗuwa ne saboda rashin gwajin ƙasa, da rage rodi, da kankare maras ƙarfi, da ƙara hawa a kan abin da aka lissafa, da rashin sa ido. Shi ya sa nake ganin kwasa-kwasan da sunansu ba ya burge kowa, irin su kula da aikin gini a fili, dokokin gini da kwangila, duba lafiyar tsohon gini da gyaransa, da kariya daga gobara, suna daga cikin mafi daraja a jerin. Akwai kuma dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar shiga ga mai keken guragu da makaho. Wa'adin ya wuce, kuma duk mai yawo a birnin nan yana ganin yawan aikin da ya rage.

Makarantar Makoko mai yawo a kan ruwa darasi ce da ya kamata kowane ɗalibi ya nazarta. Kunlé Adeyemi ne ya zana ta, aka kammala a 2013, gini na katako mai hawa uku a kan gangunan roba. Tunanin ya yi kyau har ya jawo hankalin duniya, wani sabon samfurinta ya ci lambar yabo a baje kolin zanen gini na Venice a 2016. A watan Yuni na 2016 ɗin kuma ainihin ginin ya rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi, Allah ya kiyaye babu yara a ciki. Ban kawo wannan don in rage darajar aikin ba. Na kawo shi ne don tambayar wa zai kula da gini bayan an yanke kirtani, da wane kuɗi, da wane katako a cikin danshin gishiri, tambaya ce ta zane, kuma a kwas ɗin zaɓi ne kawai ake samun lokacin zama a kanta.

Akwai kuma zafi. Tun da aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, a watan Afrilu na 2024 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, ga tsadar man janareto bayan cire tallafi a 2023, gidan da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki ya zama nauyi a wuyan mai shi. Najeriya tana da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi tun 2017. Kwas a kan zane mai la'akari da yanayi, inda ake koyon fuskar da gini zai kalla, da tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, da rufi mai baki dogo, yana rage wa iyali kuɗi na tsawon rayuwar gidan. A nan ne fasaha da tsohon ilimi ke haɗuwa, domin manhaja tana iya auna zafin ɗaki a kowace awa ta shekara kafin a gina shi.

Ɗalibin da ya fito daga gidan Hausawa yana da wata dukiya a nan wadda sau da yawa bai san dukiya ba ce. Kakanninsa sun yi gini da tubali da azara, sun shafe shi da makuba don ruwa kada ya ci shi, sun ɗaura bakan gizo sun rufe fili mai faɗi ba tare da rodi ba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 har yau masana suna nazarin ɗaurin cikinsa. Masallacin Yama a Nijar, aikin Falke Barmou, ya ci kyautar zanen gini ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, nan ma a Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso ya ci kyautar Pritzker, mafi girma a fannin, a 2022, kuma da makarantar da aka gina da ƙasa a ƙauyensu Gando ya fara. Demas Nwoko, wanda ya yi karatu a Zariya, ya karɓi lambar girmamawa ta Venice a 2023 saboda aikin da ya shafe rayuwarsa yana yi da kayan gida. Duniya ta juyo ga ginin ƙasa ne saboda yin siminti yana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Ba ina cewa a ɗauko soron Kano a dasa a Ajegunle ba. Ruwan da ke sauka a Legas ya ninka na Kano nesa, danshin iska ma daban, bango mai kauri da ƙaramar taga da ke sanyaya ɗaki a Katsina zai iya zama wahala a bakin teku. Abin da ke tafiya ko'ina shi ne tsarin zama: zaure da ke raba baƙo da cikin gida, tsakar gida da mata ke aiki cikin sutura, wurin alwala, inda za a ɗaure ragon layya. Duba gidajen haya na ɗaki-ɗaki da mutanenmu ke zaune a Agege da Ijora, ka ga yadda rashin waɗannan abubuwa ke takura iyali. Abin sha'awa, Tosin Oshinowo, 'yar Legas, da aka ba ta aikin sake gina ƙauyen Ngarannam a jihar Borno bayan Boko Haram ta rusa shi, sai da ta zauna da mutanen garin, ta kuma sa zaure a gidajen. Idan 'yar Legas ta je ta koyi wannan don aiki, ɗan da ya tashi yana cin tuwo a zaure bai kamata ya tsallake kwas ɗin gine-ginen gargajiya don yana ganin ƙauyanci ne ba. Sunan Oshinowo da na Issoufou kuma amsa ce ga masu tura 'ya'ya mata zuwa kwas ɗin ƙawata ɗaki kaɗai. Tsara cikin gida sana'a ce mai kyau mai kuɗi, amma a bar yarinya ta zaɓe ta da kanta, idan kuma ƙarfin gini take so a bar ta.

Duk wannan magana tana da shinge a gabanta. Kwas yana iya kasancewa a littafin sashe amma babu mai koyar da shi, domin malamin ya tafi waje ko ya koma kamfani, sai a ce wa ɗalibai bana ba a bayar da shi. Wani lokaci zaɓi biyu ne a takarda, ɗaya ne a zahiri. Sannan ga kayan aiki. Kamfanin Autodesk yana ba ɗalibai lasisin manhajojinsa kyauta, amma kwamfutar da za ta ɗauke su ba kyauta ba ce, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinta a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Za ka ji yaro yana cewa, "Kawu, kwas ɗin nan sai da kwamfuta mai ƙarfi." Kawun ya ce, "To ɗana, wadda na saya maka bara fa?" Dukansu suna da gaskiya. Kawun bai san cewa kwamfutar da ke buɗe takarda ba lallai ta iya juya bene mai hawa goma ba, yaron kuma bai iya bayyana masa me kwas ɗin zai haifar ba. Idan jami'a ta sa kwas na fasaha ba ta tanadi ɗakin kwamfuta da wuta ba, ta mayar da zaɓin na 'ya'yan masu hali. Irin wannan ne kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ya kamata ya fara toshewa, kuma ƙungiyoyinmu na kasuwa da na unguwa da ke tara kuɗi don bukukuwa suna iya sayen kwamfuta biyu ko uku masu ƙarfi ɗalibai su riƙa karɓa-karɓa.

Maganar maki ma ba ta wasa ba ce, ban kuma raina ɗalibin da ke tsoronta ba. Makin kwas ɗin zaɓi yana shiga jimillar da ke yanke darajar digiri, kuma mai son zama cikakken mai zanen gini sai ya wuce digiri na biyu, ya yi aiki a ƙarƙashin ƙwararre, ya zauna jarrabawar ƙwarewa kafin ARCON ta yi masa rajista. Faɗuwa a kwas mai wuya tana iya taɓa wannan hanya. Amma ofishin da zai ɗauke shi aiki, tun daga watannin koyon aiki na SIWES, kundin zane-zanensa zai buɗe, ya tambaye shi me ya iya yi da hannunsa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce ya ɗaure kwas ɗin zaɓinsa da aikin ɗakin zane na wannan zangon. Idan an ba su zanen kasuwa, ya ɗauki GIS ya je Mile 12 ya auna inda motocin tumatir da albasa ke sauke kaya, da inda ruwa ke kwanciya, da inda masu dako ke bi. Aiki ɗaya zai ciyar da kwas biyu, maki ya samu, kundi ya yi nauyi.

Jami'o'in Legas kuwa suna zaune a kan abin da wasu ke biyan kuɗin jirgi su zo gani. Yaba, inda matasan fasaha suka taru har Mark Zuckerberg mai Facebook ya ziyarce su a 2016, tana maƙwabtaka da Akoka. Kwalejin Fasaha ta Yaba, mai tarihi tun 1947, tana da bita da masu aikin hannu. Layin dogo na Marina zuwa Mile 2 ya fara aiki a 2023, cikon Eko Atlantic yana nan ana gini a kansa. Kashi 30 da NUC ta bari ya isa a buɗe kwas ɗaya na haɗin gwiwa tsakanin sashen zanen gini da na kwamfuta da na injiniyan gine-gine, a kuma gayyato ƙwararrun ofisoshi da manyan magina su koyar na 'yan makonni. Kafin a kai can, ɗalibi ya je wurin malamin da ke ba ajinsu shawara tun kafin a rufe rajista, ya tambayi wa zai koyar da kwas ɗin bana, da wace na'ura, kuma me waɗanda suka ɗauke shi bara suka ƙera, ya nemi ya gani da idonsa.